Sallama a Ƙofar Sifiri

Ƙarfe biyun dare a Garwa,
fanka na juya zafin Afrilu kamar mai tuƙin tuwo,
ni da akwatin ƙarfe muna kallon-kallo
a ofishin ƙungiyar manoman auduga.
Gobe Laraba, ranar biya.
Njidda mai gadi ya ajiye mini shayi:
"To, an ga kuɗin mutane?"

Kuɗi na banki, Njidda. Sunaye ne suka ɓace.
Akwatin nan ƙofarsa ɗaya,
waya ɗaya ke shigarsa ta ƙeya,
amma ciki ɗaki biyar aka yanka,
kowanne na amsa sunan faifai.
Na kunna, allo ya nuna mini biyu.

Akwai ɗan aike a cikin babbar manhaja,
direba ake ce masa, bai taɓa riƙe sitiyari ba,
sallama ce sana'arsa.
Da an ba da wuta sai ya tsaya a zaure:
"Sifiri, kana ciki?"
Su can daga babu ake fara ƙirga.
Sifiri ya ce ga ni,
ya faɗi wanda ya ƙera shi, ya faɗi faɗin cikinsa.
"Ɗaya?" Ga ni.
"Biyu?"

"Biyu?"

Ya jira ɗan ƙiftawar idon da aka yanka masa,
ya ce gida ya ƙare, ya kaɗe riga, ya juyo.

Biyu kuwa ni na share shi bara
da muka kwashe lissafin taki.
Uku na bayansa, kunne a tsaye,
huɗu, biyar,
manoman Pitowa, na Bibemi, na Lagdo,
mutum dubu bakwai, kowa da kilonsa,
ba a kira su ba, ba su amsa ba.

Na san wannan shirun.
Shekarar da mai ƙidaya ya zo gidanmu a Yelwa
Kawu Sambo bai cika arba'in a ƙasa ba,
ɗakinsa da kwaɗo.
Mutumin ya ƙwanƙwasa, ya duba agogo, ya rufe littafi.
Bayan ɗakin akwai lungu,
a lungun akwai Gwaggo Kande na tsinar zogale,
da jikoki uku,
da ni, zazzaɓi ya kwantar.
A takarda, shekarar nan,
mu biyar ko inuwa ba mu yi ba.

Ban ga laifin direba sosai ba.
An yi wani tsohon faifai mai kwaɗayin suna,
duk lambar da aka kira, shi ne na'am,
kai ɗaya, hula takwas.
Wanda maciji ya sara, tsumma ma tsoronsa yake,
shi ya sa yake takaita sallama.

Layi ɗaya na gyara masa.
Na ce bar bin ɗaki-ɗaki,
tambayi na zaure: ku nawa ne a gidan nan?
Matambayi ma yana ɓata
in tambayarsa gajeruwa ce.

Na kashe, na kunna.
Sifiri ya miƙo jerin 'yan gida,
har da tsallaken da ke tsakani.
Uku ya fito. Huɗu ya biyo shi.
Biyar ya ɗan yi nawa, kamar tsoho mai neman takalmi,
sannan ya fito.

Sunaye suka zubo a allo.
Njidda ya matso da tocilan, ko da yake da haske,
ya ɗora yatsa a gilashi:
"Hamman Yero. Ƙanena ne. Nawa ya kawo?"
Kilo ɗari takwas da sittin.
"Ya ce mini ɗari biyar."
Ya yi dariya har da tari.

Motocin farko sun fara ratsa gadar Binuwai.
Shayi ya huce, ƙuda ya faɗa.
Lamba biyu na bar ta yadda take,
ban sa kowa a ciki ba.